Ranar da Na Sa Aka Tankaɗe Yashin Fili

Har yau ban manta da ranar da na sa aka tankaɗe yashin filin kokowa ba. Lokacin ina aikin bautar ƙasa, wanda muke ce wa sarbis sibik, aka tura ni kwamitin shirya wata babbar gasar kokowa a Yamai. Kwamitin yana da rassa: tsaro, lafiya, masauki, da hulɗa da ƴan tele, wato talabijin, da kamfanonin da suka ɗauki nauyi. Ni reshen fili aka sa ni, ƙarƙashin Alhaji Mamman, wanda daga bakinsa za a ji ko za a riƙe ni aiki bayan gasar.

Likitan gasa ya ce kada a bar ƙusa ko fasasshiyar kwalba cikin yashi. Na ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Ana gobe buɗewa na kawo leburori daga unguwar Wadata da rariya. Ba mu samu ƙusa ba. Abin da muka samu layu ne, da ƙahon rago naɗe da jan zare, da wani ƙulli wanda ban san sunansa ba, saboda haka ba zan raɗa masa ba. Na zuba su a kwali.

A taron la'asar, gaban wakilan jihohi, na ajiye kwalin a kan tebur na ce mai kaya ya zo ya ɗauka. Wani wakili ya gyara zama ya ce, "Mu dai da Allah muka dogara." Sauran suka ce su ma haka. Da muka fito, shi wannan wakilin ya ja hannuna, ya kira ni Mushe, wato malam da Faransanci, ya ce, "Ba namu ba ne, amma ƙahon nan kada a bar shi a rana."

Washegari fili ya cika, tele tana jira, ɗan kokowa ko ɗaya bai fito ba. Wannan gwiwa, wancan ciwon ciki. Ashe malamansu da bokayensu, waɗanda ba su da kujera a kwamiti, sun ce ba mai taka yashin da aka kwashe.

Alhaji Mamman ya kira ni. "Ɗana, wa ya aike ka?"

"Likita ne, ranka ya daɗe."

"Likita ya ce ƙusa. Ka ga ƙusa?"

"Ban gani ba."

"To."

Ya sa aka kai kwalin tsakiyar fili, aka kewaye da manyan ƙyallayen talla, abin da ya faranta wa kamfanoni rai ƙwarai. Ƴan tele suka juya kan makaɗa, jandarmomi suka fuskanci jama'a. Aka sanar cewa kowace jiha za ta turo masu duba lafiyar yashi. Suka shiga ɗaya bayan ɗaya, ni ina bakin ƙofa na ba su baya. Kafin azahar duk gwiwoyi sun warke.

An riƙe ni aiki, amma a reshen kujeru. Abin da na koya, ga masu tasowa, shi ne gasa tana da mutanen da kwamiti ya sani, tana da waɗanda yake yi kamar bai sani ba, kuma na biyun ne ke buɗe fili. A gasar da ta biyo baya an ba su katin shiga da muƙamin mashawarta kan yashi. Ni na jera musu kujeru, a layin gaba.