Tsofaffi Bakwai a Gonar Baba

Ko me zan manta a duniyar nan, ban da ranar da na kira gayya a gonar mahaifina.

A shekarar ne masana'antar robar da nake wa aiki a Kano ta rage ma'aikata, na kwaso komatsaina na dawo ƙauyenmu kusa da Tsanyawa. Baba bai daɗe da rasuwa ba, gonar da gidanmu ke ci daga ita ta dawo wuyana. Na lallaɓa na yi shuka, ruwa ya zauna, ciyawa ta taso kamar ana jan ta. In ba a nome cikin mako ba, geron ya tafi, ni da Inna da iyalina sai awo a kasuwa har baɗi. Da me kuma?

Na nemi 'yan ƙwadago, babu. Samarin da a da ke tafiya cirani su dawo da ruwan farko sun daina dawowa. Wasu na jan babur mai ƙafa uku a birni, wasu na haƙar zinare, wasu na leburanci a Abuja. 'Yan tsirarun da suka rage manyan manoma sun riga sun kame su, farashinsu kuwa ya fi ƙarfina.

Sai na ce gayya zan kira. Inna ta dube ni ta ce, "Kai gayyar wa ka taɓa zuwa?" Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Inna, ba garinmu ba ne?" Na yanka akuya, aka dama fura, aka tuƙa tuwon mutum talatin, har makaɗi na ɗauko. Wauta dai, a zatona abinci ke kawo mutane.

Hantsi ya dubi ludayi, daga ni sai makaɗi a gindin ɗorawa. Ya ce, "Malam, in fara, ko ciyawar zan yi wa kiɗa?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Can sai ga tsofaffi bakwai sun ɓullo ta burtali, kowa da fartanya a kafaɗa, ƙaraminsu gemunsa fari fat. A gaba aminin Baba ne, yana ɗingishi. Na tare su da sauri na durƙusa. "Baba, ku da kanku? Don Allah ku zauna a inuwa."

"Kai, matsa ka ba mu wuri," in ji shi. "Ba don kai muka zo ba. Kai ko kunya ɗaya ba ka taɓa nome wa kowa ba a garin nan. Ubanka tun muna samari bai taɓa fashin gayyar ɗayanmu ba. Guminsa muka zo mayarwa."

Sai hawaye kawai. Makaɗi ya saki ganga, suka duƙa. Na shiga layinsu, kafin azahar hannuna ya yi bororo, sun bar ni a baya suna dariya, wai ɗan birni yana sosa wa ƙasa baya. Safiya uku suka yi suna zuwa, har gonar ta fita tas. A shekarar rumbunmu ya cika.

Ran ƙarshe aminin Baba ya shanye furarsa, ya goge baki ya ce, "Na ubanka ya ƙare yau. Baɗi in ka kira, naka gumin za a duba."

Yanzu alhamdu lillahi, ina nomana, ina 'yar sana'ar hatsi, hankalina kwance. Samari har yau tafiya suke, ban kuma ga laifinsu ba, ni ma na tafi. Amma na koyi cewa a ƙauye ba a kiran mutane da tuwo, da gumin da ka zubar a gonarsu ake kiransu. Bara tsohon nan ya kira gayya, 'ya'yansa duk suna Legas. Ko da ya iso yana ɗingishi, ya tarar na nome kunya biyu.