Ƙwayoyin Kaka a gwangwanin goro

Kaka ta zo Doha ganin likita gab da korona, aka rufe hanya, ta zama tamu. Ciwon karkarwa take fama da shi, wanda Abba ke kira Fakinsin. Abba likitan yara ne, amma shi ya jera mata magungunanta cikin akwatin roba mai gida bakwai. Sau uku a rana nake kai mata ƙwaya da ruwa.

A watan gasar ƙwallon duniya Umma ta haifi ƙanena. An ba mu hutun makaranta, unguwarmu ta Al Thumama kuwa ta cika da baƙi masu tutoci. Abba ya sa asibiti suka ɗebi jinin cibiyar jaririn suka adana. Da Baffa, yayan Abba, ya ji labari daga Kano, sai ya turo wa Kaka saƙon murya mai tsawo. Ya ce ya gani a waya, jinin cibiya na ɗauke da ƙwayoyin tushe masu gyara ƙwaƙwalwa. "Hajiya, waraka ta zo har gida. Jikanki da maganinki ya zo."

Abba na zaune lokacin da aka kunna saƙon. Na ga ya shafa gemu. Da suka yi waya da Baffa kuma, abin da ya ce kawai shi ne, "To, Yaya. Allah Ya sa." Likita guda! Don kada a ce ya gyara wa yayansa zance.

Bayan kwana uku na lura cokalin Kaka na buga kofi fiye da da. Ƙafarta na maƙalewa a bakin ƙofa kamar an kafe ta da ƙusa. Da ta tashi alwala na ɗaga gwangwanin goronta don in share wurin, na ji ƙarar da ba ta goro ba. Ƙwayoyi tara ne a ciki, har gefen wasu ya narke da yawu.

"Uwar sa-ido," in ji Kaka daga bayana, "ajiye min kayana."

"Kaka, ba kya sha?"

"Ana gama magani biyu ne? Jikina nake wankewa kafin na yaron ya shiga. Saura ki kai rahoto, bakinki kamar na kaza."

Ni ba mai magana ba ce. Ko a aji, in na san amsa ƙasa nake kallo. Amma da la'asar Kaka ta kasa tashi daga kan darduma, sai da muka kama ta ni da Umma mai jego. Na ɗauki gwangwanin, na sami Abba yana kallon ƙwallo, na juye shi a kan tebur.

Ya kashe talabijin, ya je ya durƙusa gaban Kaka. A ranar ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa tun farko. Ya ce ƙwayoyin tushe iri-iri ne. Na jinin cibiya jini suka fi iya yi, don haka ya adana su, ko wani cikinmu zai gamu da ciwon jini. Akwai na ɗan tayi, masu iya zama kowace tsoka ta jiki. Akwai kuma waɗanda masana ke samu daga fatar mutum, su mai da su baya, su koya musu zama na ƙwaƙwalwa. A kan waɗannan ake sa rai, amma har yanzu gwaji ake yi.

"Wato na yaron ba nawa ba ne," in ji Kaka.

"Ba naki ba ne, Hajiya. Naki ga shi nan."

Ta daɗe tana kallon ƙwayar a tafinsa kafin ta buɗe baki. Ni na riƙe mata kofin, ta sha ba ta dube ni ba.

Na jira in ji Abba ya kira Baffa. Bai kira ba. Washegari wani saƙon Baffa ya shigo wayar Kaka, minti bakwai, da hoton wata tsohuwa tana rawa wai bayan an yi mata allurar ƙwayoyin tushe. Kaka ta miƙo min wayar ta ce in kunna mata, don yatsunta ba sa iya dannawa. Na goge shi, na ce mata bai buɗe ba.