Ranar da Wadifa Ta Zauna a Tebur

Idan ka ce mutanen tsibirinmu su kwatanta maka yayata Wadifa, a tsaye za su kwatanta ta. A tsaye bayan kujerar mai cin abinci, ludayi a hannun dama, hannun hagu a ƙugu, idonta a kan farantinka kamar mai jiran ka yi laifi. Kafin ka hango ƙasan farantin ta sake tula maka shinkafa. Ka ce ka ƙoshi, ta ce ka ƙara kaɗan. Ka rantse, ta ce ba ta tambaye ka rantsuwa ba.

Haka muka taso muka tarar a gidajenmu. Maza su ci, yara su ci, matar gida tana tsaye a kansu tana zubawa, sai an watse sannan ta nemi nata. Yaran yanzu sun yar da wannan, ni kuma ban ga laifinsu ba, don ni kaina tun da mijina ya rasu a zaune nake ci, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Amma Datta, wato babbar yaya, haka muke kiranta, ta riƙe abin gam. Tana ƙaramar yarinya mahaifiyarmu ta rasu, ni ina goye, ita ta ɗauki ludayin ta tsaya a bayan mahaifinmu. Daga bayansa ta koma bayan mijinta Lugman, masuncin kifin tuna. Idan jirginsu ya dawo da la'asar ita ce dafa kifi, ita ce yi masa banda, ita ce zama gaban tukunya har romon ya ƙafe ya zama rihakuru baƙi ƙirin mai kauri. Lokacin da teku ta hana fita kuma sai ta zauna saƙar ganyen kwakwa, wanda jiragen otal-otal ke zuwa saya don rufin ɗakunan baƙi. Turawa da yawa sun yi barci a ƙarƙashin saƙar hannunta, ita kuwa ko ƙafa ba ta taɓa sawa a tsibiran otal-otal ɗin ba.

'Yarsu Shiuna ce ta ce wannan ba zai yiwu ba. Ma'aikaciyar jinya ce a Male, babban birninmu, ga taurin kai irin na uwarta. Da damina ta kama, otal-otal suka sassauta wa 'yan ƙasa kuɗin ɗaki, sai ta kama wa iyayenta ɗaki na kwana biyu a ɗaya daga cikin manyan. Aiki ya hana ta zuwa, ta ce ni in raka su. Ba ta gama tayin ba na kai ɗinkin sabuwar riga.

A cikin jirgin ruwan da ya zo ɗaukarmu, Datta ta zauna can baya rungume da kwalbar rihakuru da ƙullin bandadden kifi, wai ba a zuwa gidan mutane hannu sake. Lugman ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Zulfa, kin taɓa ganin yayarki tana cin abinci?"

Na buɗe baki zan ce sau nawa, sai na tsaya. Na sha ganin bayanta, a tsugune gaban murhu, kwano a cinya. Amma fuskarta da loma a baki, wallahi na rasa ranar da zan nuna.

"To ni ma ban taɓa ba," in ji shi. "Shekara arba'in da 'yan kai. Kuma kin san abin da likitan Male ya ce game da idanun nan. Hasken rana a kan ruwa ya cinye su, ba dawowa za su yi ba. Ba ruwana da gado mai laushi, ba ruwana da tafkin wanka. So nake ta zauna a gabana ta ci, in gani, tun ina gani."

Tausayinsa ya kama ni sosai, sai na rufe da tsiya. Na ce, "Yaya Lugman, da tsufanka ka fara soyayya? To Allah ya ba da sa'a, amma ka san wadda ka aura."

Wurin cin abincin otal ɗin a kan ruwa aka kafa shi, da gilashi a ƙasa, kifaye suna wucewa ƙarƙashin ƙafarka. Baƙi suna ta durƙusawa suna ɗaukar hoto. Lugman ya sunkuya ya ƙura ido da kyar, ya taɓe baki, ya ce waɗannan ai kifayen bakin dutse ne, mai mutunci ba ya kai su gida. Mai hidimar teburinmu wani dattijo ne mutumin tsibirin Addu mai suna Nizar, furfura ta fara cin gefen kansa, ga fara'a. Ya ja wa Datta kujera baya don ta zauna. Ita kuwa ta ɗauka kujerar yake so.

"Ɗauka, ɗauka, bawan Allah, ni ba na buƙata."

Da kyar muka lallaɓa ta ta ɗosana a gefen kujerar. Ba ta yi minti ba aka kawo abincin farko, wani ɗan yankan kifi a tsakiyar faranti mai faɗin faifai, an ɗiga masa miya a gefe. Ta dubi farantin, ta dubi Nizar.

"Wannan ɗanɗano ne, ko tukunyar ce ta ƙone?"

"Somin taɓi ne, Datta, akwai saura a tafe."

"To mutumin nan tun safe bai ci komai ba."

Ta miƙe. Ta juye nata a farantin Lugman, ta karɓe tulun ruwa daga hannun Nizar, ta ɗauki kwandon burodi ta koma bayan mijinta ta tsaya inda ta saba. Daga nan idonta ya faɗa kan teburin kusa da mu, inda wasu tsofaffin Turawan Italiya, miji da mata, suke zaune gaban faranti wayam suna jira. Ba ta iya ganin wannan ta kawar da kai. Kafin in riƙo zanenta ta isa, ta ajiye musu burodi, ta buɗe kwalbarta ta shafa musu rihakuru a kai, tana yi musu faɗa da yarenmu cewa sun rame. Tsohon ya gutsura, ya yi tari har da hawaye, sannan ya miƙo burodinsa a ƙara masa. Ni dai ina zaune ina cin jatan lande ina dariya har cikina ya ƙulle. Abin da aka kawo mata daga baya kuwa, rufe shi ta yi da adiko ta tafi da shi ɗaki, ta shige bayan katangar wurin wanka ta cinye.

Washegari abin ya ƙara lalacewa, don karin kumallo a jere yake cikin manyan tukwane, kowa ya ɗiba da kansa. Datta ta ga mutane suna zuba wa kansu abinci babu kowa a kansu, ranta ya ɓaci. Ta zagaya bayan tukwanen ta tsaya cikin masu dafuwa. Su kuma, yawancinsu sun daɗe rabonsu da iyayensu mata, suka ba ta wuri da ludayi. Kafin azahar baƙi sun fara kiranta Mama, ana layin ɗaukar hoto da ita. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na ranar ba. Ta ce min, "Zulfa, ashe hutu da daɗi haka?"

Lugman ne bai ji daɗin abin ba. Ya ci abin da ta zuba masa, ya yi godiya, ya koma bakin ruwa ya zauna yana kallon inda ba ya gani sosai. Da yamma ma haka aka yi. Na ji haushin yayata, na kuma rasa ta inda zan ɓullo mata, don idan na ce ta zauna sai ta ce ni da bakina ya fi hannuna aiki me na sani.

Ranar tafiya, jirgi da la'asar zai tashi, abincin rana kaɗai ya rage. Na samu Nizar na zayyana masa komai. Ya ce shi ma bai tuna ya taɓa ganin tsohuwarsa a tebur ba. Ya ce in bar masa nasa ɓangaren.

Ya ba mu tebur a can ƙarshen dandamali, inda haske ya fi yawa kuma ba kowa kusa. Bai kawo mana faranti masu faɗin faifai ba. Daga kicin ɗin ma'aikata ya ɗauko tukunyar garudiya, romon tuna mai zafi yana tururi, da farar shinkafa, da albasa, da lemon tsami, da barkono ɗanye, da kwanon wanke hannu. Ƙamshin kaɗai ya sa na ji kamar ina tsakar gidanmu.

"Yauwa," in ji Datta, "yau an dafa abinci." Ta miƙe ta kai hannu ga ludayi.

Nizar ya ce, "Datta, ki zauna, ni zan zuba. Aikina ke nan."

"Kai ɗan mutane ne, daga Addu ka zo, kai ma baƙo ne. Tebur ba ɗan gida a kansa? A ina aka taɓa yi?"

Sai muka ji ƙarar kujera. Lugman ne ya dafa tebur ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kama ɗaya gefen ludayin.

"To ga ɗan gida. Zauna, Maman Shiuna, yau ni ne a tsaye."

"Innalillahi! A gaban jama'a? So kake labari ya riga mu isa gida, a ce Wadifa ta zauna mijinta yana mata bauta? Sakar min ludayi, Baban Shiuna."

Bai saka ba. Ya fizge, ya ɗebo romo, ya nufi farantinta da shi. Rabi ya shiga farantin, rabi ya malale a kan farin ƙyallen tebur, shi bai ma lura ba. Datta ta bi romon da kallo. Ta san maganar likita, amma a gida ita ke zuba komai, ita ke miƙa komai, ba ta taɓa ganin inda abin ya kai ba. Ta sauke hannunta.

Ya ce, "Kin gani ko? Idanun nan tafiya suke yi. Na san muryarki daga bayana, na san hannunki ta kan kafaɗata. Amma ban san yadda matata take cin abinci ba. Ki bar ni in gani, Wadifa."

Rabon da in ji ya kira sunanta tun ina yarinya. Ta ja gefen mayafinta ta goge ido, ta yi ƙasa da murya.

"In na zauna, wa zai tsaya? Kai dai ba za ka tsaya ba ina raye."

Suka dubi juna. Sannan su biyun suka juyo gare ni, har da Nizar, munafuki. Ni kuwa na riga na wanke hannu, na kwaɓa shinkafata, loma tana hanyar baki.

"Ni? Ni da na zo hutu? Da sabuwar rigata?"

Suka ci gaba da kallona. Na ajiye lomar, na miƙe ina mita, na karɓi ludayin na zagaya bayansu. Datta ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ba haka ake riƙewa ba, ta gyara min yatsu. Sannan ta ja kujera da kanta, ta zauna, zama na sosai, har bayanta ya taɓa majingina.

Lugman ya jawo kujerarsa kusa da ita har gwiwarsu ta haɗu, don daga nesa ba zai gani ba. Ta wanke hannu, ta yi bismilla. Ta matse lemon tsami, ta marmasa kifin cikin shinkafa, sannan ta ɗebi barkono cike da tafin hannu ta murtsuke a ciki.

"Kai! Barkono haka?" in ji shi. "Ai na ɗauka ba kya so. Abincin gidanmu ba yaji."

"Kai ne cikinka ba ya so."

Ta kai loma. Matar da ta ƙare rayuwarta tana azalzalar mutane su ci da sauri kafin ya huce, ashe ita a hankali take ci. Tana lumshe ido, tana ɗan girgiza kai, har da wani ɗan sauti a maƙogwaro kamar mai rarrashin jariri. Gumi ya tsattsafo mata a karan hanci. Ni da ta goya ban san wannan ba, sai na ji hawaye yana zubo min, ga dariya tana cina, ga ludayi a hannu na rasa da me zan share. Nizar ya juya baya wai yana gyara kofuna.

Lugman ya tallabe haɓa yana murmushi, bai taɓa farantinsa ba. Ta yi loma ta biyu, ta uku, sannan ta buɗe ido ta gan shi dab da fuskarta.

"Malam, ka daina kallona haka, sai na ƙware. Ci abincinka, zai huce."

"Bari ya huce," in ji shi.