Ɗan Kunnen Umma a Yashin Titiwangsa

Ranar da zan baro Kano in tafi karatu ƙasar waje, Umma ta cire 'yan kunnenta na zinare ta saka min. Tun daga nan duk kiran bidiyo sai ta ce, "Juyo in gani." Da korona ta rufe hanya ita kuma ta kwanta jinya, wannan 'yar dubawar ta zama abin da ke sa ta dariya.

Da aka sassauta kulle na fita lambun shaƙatawa na Titiwangsa da littafina, na zauna gefen yashin wasan yara. Zafi ya ishe ni, na zura hannu cikin hijabi na janye igiyar takunkumin fuska. Sai da na tashi tafiya na taɓa kunnena na hagu, na ji wayam.

Na tona yashin da yatsu har farcena ya yi baƙi. Daren nan da murya kawai na kira Umma, na ce mata network ne.

Washegari na koma, na tarar da wani dattijo Bamale, ɗan asalin ƙasar, yana yawo da na'urar gano ƙarfe, doguwar sanda mai faifai a ƙasa. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, na daɗe ina kallonsa kafin na yi sallama.

"Pak cik," na ce, wato kawu, "na yar da ɗan kunne."

Ya ce shi a bakin teku yake wannan sana'a, amma an hana ƙetare jiha. "Yanzu ga tekuna nan," ya nuna yashin yara. "Ina ɗayan? Dole na'urar ta ji muryarsa tukun."

Na juya baya, na ciro na dama daga ƙarƙashin hijabi. Saboda dokar tazara ban miƙa masa ba, na ajiye a yashi na ja da baya. Ya wuce da faifan a kai, na'urar ta yi wani siririn kuka.

"Riƙe wannan kukan a kunnenki. Kunnena ya tsufa, lah," in ji shi, da "lah" ɗin nan da suke rufe magana da ita.

Muka fara bi layi-layi. Murfin kwalba ya fito, sai ƙusa, sai ƙaramin cokali. "Kin samu kayan ɗaki," in ji shi. Na yi dariya cikin takunkumi. Can kusa da lilo, inda ban ma zaci na taka ba, na ji kukan.

"Tsaya! Shi ne."

"Kin tabbata? Ni gwangwani na ji."

"Shi ne."

Ya ɗebo yashin a rariya ya girgiza. Ga shi nan, ya ɗan lanƙwashe.

Da yamma na kunna bidiyo. Umma na jingine da filo, ta rame, amma a zaune take.

"Juyo in gani," ta ce.

Na juya hagu, na juya dama.

"Me ya sami na hagun? Kwana kike a kansa?"

"Umma, gyara kwanciya. Labarin da tsawo."