Mijinyawa Mai Jin Kifi

Mijinyawa bai taɓa cin kifi ba. Iyayensa makiyaya ne da suka zauna a gefen Lakwaya suka kama noma, kuma a gidansu ko tukunyar da aka dafa kifi a ciki ba a aro. Amma tsakanin Gwarzo da Kabo babu wanda ya san kifi kamarsa, domin shi jin su yake yi.

Tun yana kai shanu shan ruwa Gurbin Yelwa ya gano haka. Gurbin rami ne mai zurfi a tsakiyar rafi, ba ya ƙafewa komai tsananin rani. Wata rana ya tsoma sandarsa a ruwa, ya jingina kunne da ɗaya bakin don ya huta, sai ya ji ƙasan ruwa cike da hira. Ƙurungu na kuka kamar tsohon ƙyaure. Karfasa na tsinkar ciyawa a hankali. Tarwaɗa na juyi cikin laka da nauyi, kamar saniya a turke.

Duk shekara, bayan motoci sun kwashe buhunan gyaɗa zuwa Kano, ƙauyukan kewaye kan taru su yi su, kowa ya faɗa ruwa rana guda a kama abin da Allah ya ba da. Kafin a shiga, Mijinyawa zai hau wani falalen dutse ya yi kira. Masu homa, ragar kamun kifi, su nufi can, masu mashi su tsaya nan, wuri kaza kada kowa ya sa ƙafa, minjirya na kwance, kifin nan mai girgiza mutum har haƙora. Ya girma, ya yi furfura a kan dutsen nan.

Sai kunne ya fara tafiya. Da farko ƙurungu ne suka yi masa shiru, daga baya ruwan gaba ɗaya. Mai unguwa Sajo ya zo har gida, aka gaisa, aka tambayi iyali da shanu, sannan ya ce da babbar murya, "Bappa, bana ka huta. Za mu shiga da sunan Allah kawai."

Mijinyawa ya ce to. Matarsa Hajjo ta lura ranar ko furarsa bai taɓa ba.

Ana saura 'yan kwanaki a yi su, sai ga wata mota da kwalekwale ɗaure a kanta. Wani ma'aikaci ne, Malam Lukuman, aka turo ya auna zurfin gurbin saboda ana maganar datse rafin. Ya nemi wanda ya san ruwan, aka nuna masa gidan Mijinyawa.

Hajjo ta kai baki kusa da kunnensa. "Tashi, kurman ruwa, gwamnati na nemanka."

"Me na yi mata?"

"Wataƙila kifin da ka yi shekaru kana tona wa asiri ne suka kai ƙara."

A cikin kwalekwalen akwai akwatin ƙarfe haɗe da batir. A fuskarsa takarda ce ke tafiya a hankali, wata allura na zana baƙin layi a kanta. Lukuman ya matso ya ɗaga murya. "Baba, akwatin nan ƙara yake aikawa ƙasa, ya saurari dawowarta. Layin nan mai kauri shi ne ƙasan ruwa."

"Ashe shi ma saurare yake yi," in ji Mijinyawa. Ya gyara zama. "To waɗannan ɗige-ɗigen da ke sama da layin fa?"

"Kifi ne. Amma ba ya faɗin sunansu. A wurina duk kifi ne."

Tsohon ya sunkuya har gemunsa na taɓa takardar. Can sama akwai ɗigogi ƙanana cunkus kamar an watsa gero. Ya ɗaga sanda ya buga gefen jirgin. Nan take suka tarwatse.

"Kawara," in ji Mijinyawa. "Matsorata. Haka suke tun ina yaro."

Ya laluba aljihu ya ciro ƙuliƙulin da Hajjo ta ba shi, ya murtsuke ya watsa a ruwa. Suka zuba wa takardar ido. Daga tsakiyar ruwa wasu zane suka fara hawa a jere, kamar mata masu zuwa biki.

"Karfasa ke nan. Ba sa iya haƙuri da gyaɗa, sai ka ce 'yan Kabo."

"Baba, uwata 'yar Kabo ce."

"To ka ga shaida."

Lukuman ya yi dariya har filafili ya kusa suɓuce masa. Awon zurfi ya koma gefe. Duk inda sanda ta nuna, nan yake tuƙawa. Wasu zane masu kauri sun manne da layin ƙasa, bugu bai motsa su ba, ƙuliƙuli bai tashe su ba, Mijinyawa ya ce tarwaɗa ne. Sai dai ba a ramin gabas da ya saba jin su suke ba, ambaliyar bara ta cike shi da yashi, sun koma yamma. A gindin wani gamji da ya faɗa ruwa suka ga zane ɗaya tak, babu wani kifi kusa da shi. Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Wanda kowa ya guda a cikin ruwa, shi ne minjirya," ya ce.

Daga bakin gurbi bai bi ta gida ba. Ya tarar da Sajo a ƙofar gidansa ya ce, "Mai unguwa, bana ma zan yi kira."

"Ka ji su ne?"

"Na gan su."

Sajo ya dube shi, ya dubi Lukuman da ke bayansa yana gyaɗa kai, ya ce, "Dutsen naka ne."

Ranar su gurbin ya yi baƙi da jama'a, daga Getso, daga Madadi, har da masu keke daga Kabo. Mijinyawa ya hau dutse. Da ya tura masu mashi yamma, wasu suka tsaya suna kallon juna, domin kowa ya san ramin tarwaɗa a gabas yake. Ya sake nunawa da sanda. Suka tafi. Ba a jima ba mashin farko ya taso da tarwaɗa mai tsawon hannu tana bugun iska, na biyu ya biyo, homa suka cika da karfasa suna walƙiya a rana. Gindin gamjin da ya hana shiga kuwa ya zauna fayau, babu wanda ya kusance shi.

Mijinyawa bai ji guɗar mata ba, bai ji kiɗa ba. Ya ga bakuna a buɗe, hannuwa a sama, ruwa na tashi fari. Hajjo ta hau dutsen ta kai baki kunnensa.

"Sunanka suke kira."

"Na gani," ya ce. "Ki ce musu kada kowa ya kawo mini ko ɗaya. Ni fura zan sha."