Waƙar da Ta Hana Kawu Gayya

Ranar wata Juma'a ce, wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, damina ta kankama, a shekarar da taki ya fi ƙarfin manoma. Mu uku ne a zauren gidan kawuna, a ƙauyenmu da ke gefen Tsanyawa: ni, da Kawu, da babbar 'yarsa, wadda ta kawo mana ruwa ta tsaya a bakin ƙofa. A lokacin ina aiki a wani gidan rediyo a Kano, ni ke karanta jerin waƙoƙi goma da masu sauraro suka fi nema a kowane mako.

Wadda ke kan gaba a makon waƙar rabuwa ce, ta wani saurayi ɗan ƙauyenmu da ya koma birni ya tara gashi. Ya nemi 'yar Kawu, ta ce ba ta yi, aka rabu lafiya. Bayan 'yan watanni sai ga waƙa. Bai ambaci sunanta ba, amma ya ambaci gonar da ke bayan makarantar firamare, kuma gona ɗaya ce tak a wurin. Amshin yana cewa damina uku ya yi yana noma wa uban yarinya, da rumbu ya cika aka kore shi.

Na san wannan noman. Sau ɗaya ya zo, da farin takalmi da abokinsa mai ɗaukar hoto. Ya kama kunya biyu, ya sassare waken da aka shuka a tsakanin gero, don a ganinsa ciyawa ce. Kafin azahar ya ce bayansa ya riƙe, aka dama masa fura.

Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ne kake saka waƙar nan a rediyo."

Na ce, "Ba ni nake zaɓa ba, Kawu. Saƙonnin jama'a ake ƙirgawa."

"To ka ƙirga, sannan ka gaya musu ƙarya ce. Ko bakinka ciwo yake yi?"

'Yar ta ce, "Baba, ƙyale Yaya. Su a can sai abin da aka rubuta musu suke faɗa, kamar aku."

Zagin da ke cikin waƙar bai dami Kawu ba kamar maganar gayya. Ba shi da ɗa namiji da ya isa riƙe fartanya, ba shi da halin ɗaukar 'yan ƙwadago. Kowace shekara samarin ƙauyukan kewaye ke taruwa su yi masa maimai a yini ɗaya, ya ciyar da su. A wannan karon ya aika sau biyu, aka dawo masa da cewa ba sa noma wa mai cin gumin surukai. Wasu daga cikinsu suna gonar ranar da aka sassare waken, su ne ma suka fi kowa dariya. Sai dai waƙa ta ba rago uzuri, shi kuwa rago ba ya sakin uzuri in ya samu.

Ita kanta waƙar babu wani abin kirki a cikinta: murya ce da na'ura ta gyara har ta koma ta sauro, da shessheƙar ƙarya a ƙarshen kowane baiti. Amma saƙonni suka riƙa kwararowa. Wani direba daga Bacirawa ya rubuto cewa ya tsayar da mota ya yi kuka. Wata Hajiya ta nemi a haɗa ta da mawaƙin ta ba shi 'yarta. Babu wanda ya tambayi yadda hannun da ya yi noman damina uku ya kasance sumul haka a hoton waƙar.

Da na koma na kai maganar gaban shugaban sashenmu. Ya ce, "Malam, mu jeri muke karantawa, ba shari'a muke yi ba. In tsohon yana so, ya rera tasa."

Ranar Asabar na zauna a gaban makirufo, na sanar da waƙa ta ɗaya da muryar da aka koya mini, ban ƙara ko harafi ba. Haka na yi mako shida a jere. Ba na cire kaina daga cikin waɗanda nake rainawa.

A mako na bakwai wata waƙar biki ta ture ta, daga nan ta fice daga jerin. Gayya ba ta taru ba. Kawu ya yi maimai shi kaɗai iya rabin gonar, sauran kuwa ciyawa ta cinye. Da rani ya tafi Watari ƙwadago a gonar tumatir ta wani.