Sitiyarin da Muka Sayo wa Usman a Legas

Minna

Da asubar Talata muka bar Tudun Wada, ni da Yaya Ndagi. Ni 'yar kasuwa ce, na saba zuwa Legas saro atamfa, shi ya sa ya ja ni. Ɗansa Usman yana koyon tuƙin jirgin sama a Zariya. Ya faɗi jarrabawar sauka da tashi, saura masa dama ɗaya, in ya sake faɗuwa sai gida. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a ɗakinsa mai nuna jirgi, sai ya aiko cewa a samo masa sitiyarin da ake jona mata, ya yi ta gwaji a hutun mako guda kafin ranar.

Jebba

Wahalar mai ta sa motarmu ta yi ta tsaye-tsaye tun daga Bida. A bakin gada sojoji suka sauke mu.

"Baba, ina zuwa?" in ji wani soja.

"Zan sayo wa ɗana sitiyarin jirgin sama," in ji Yaya.

Suka yi dariya har da buga gindin bindiga a ƙasa. Doyar da na saya wa Yaya a Ilori kuwa, haka ta huce a cinyarsa bai ci ba.

Legas

Mun kwana a Agege gidan wata ƙawata, washegari muka shiga wani shagon kayan kwamfuta a Ikeja. Mai shagon ya zube mana kaya iri uku. Akwai wata sanda mai maɓallai, Yaya ya ce giyar mota ce ba motar. Akwai wani mai ƙaho biyu da ake turawa gaba a ja baya, ya girgiza shi ya ce ai wannan ya kwance tun a shago. Na ukun zagayayye ne, da totur da birkinsa. Yaya ya zauna, ya murza shi hagu da dama, fuskarsa ta washe.

Mai shagon ya fara wani bayani da Turancin buroka.

"Yaya, ko mu saurare shi?" na ce.

"Hajara, rayuwata kaf tanka na tuƙa. Yaron nan zai koya mini sitiyari?"

Wa yake musu da Yaya a kan ƙarfe?

Gida

A kan cinya ya riƙo kwalin har Minna, ko ɗan kamasho bai yarda ya taɓa ba. Mun iso ranar Juma'a da la'asar, muka tarar Usman ya zo. Ya buɗe kwalin, ya daɗe yana kallo, sannan ya durƙusa.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Da Yaya ya fita masallaci, na leƙa ɗakin. Usman ya kama sitiyarin da hannu biyu yana ja zuwa ƙirjinsa, abin ko motsi.

"Gwaggo, na tseren mota ne. Jirgi sai an ja sannan ya tashi. Ba ku ga wani mai ƙaho biyu ba?"

Na ce mun gani. Komawa Legas kuwa ba kuɗi, ba lokaci.

"Don Allah kar ki faɗa masa," ya ce.

Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya. Makon nan duka, kullum da yamma Yaya kan ɗauko kujera ya zauna bayan Usman, yana kallonsa yana murza abin, yana cewa, "Sassauta hannu, ɗana. Haka ake yi."